Gane Dangin Ƙuda Daga Ƙwansonsa: Tambayoyi Da Amsoshi

Da wuya mako ya wuce a nan Jos ba a kawo mini ƙullin leda ko kwalbar magani ba, a ciki ga 'yan ƙwayoyi jajaye ko baƙaƙe masu kama da kashin ɓera. Wani mai kiwon kaji ne daga Bukuru, wani mai lambun rani a bakin tsoffin ramukan kuza, wata ɗaliba mai aikin kammala digiri. Tambayarsu ɗaya ce: wane irin ƙuda ne zai fito daga nan? Na tattara tambayoyin da suka fi yawan dawowa. Sunayen dangi na bar su da Latinanci, don da su ne za ka iya magana da likitan dabbobi ko malamin jami'a ku fahimci juna.

1. Mene ne wannan ƙwanson, kuma ta yaya zai nuna dangin ƙuda?

Ƙuda yana bin matakai huɗu: ƙwai, tsutsa, kwanci, sannan ƙuda mai fiffike. A matakin kwanci, wanda masana ke kira fufa, tsutsa ta daina ci, ta nemi busasshen wuri, jikinta ya narke daga ciki ya sake ƙira. A ƙudan gida da dangogi da yawa masu kama da shi, tsutsar ba ta tuɓe fatarta ta ƙarshe. Fatar ce take tsukewa, ta yi tauri, ta yi duhu, ta zama ɗan tulun da ka tsinta.

Ke nan abin da ke hannunka fatar tsutsa ce, kuma duk alamar da ke jikin tsutsar tana nan ba ta goge ba: ƙofofin numfashi, ƙayoyi, har da ƙugiyoyin bakinta. Kamar yadda iyayenmu ke kallon tsagar gado a kumatun baƙo su faɗi asalinsa kafin ya buɗe baki, haka ake karanta ƙwanso. Har ma a zahiri tsage-tsage ake dubawa, kamar yadda za ka gani a amsa ta 4.

2. Yaya zan tabbatar na ƙuda ne tun farko?

Ɗora shi a farar takarda. Ƙwanson ƙuda yana da zobba-zobba a kewaye, ba ka ganin shatin ƙafa ko fiffike ko ido a jikinsa, kuma ko ka taɓa shi ba ya motsi. Na malam-buɗe-littafi da 'yan uwansa na dare kuwa shatin fiffike da ƙafafu a bayyane yake, gindinsa mai tsini ne, in ka matsa shi kaɗan sai ya karkaɗa. Jakar ƙwan kyankyaso tana da tudu mai haƙora a gefe ɗaya kamar ɗinkin jaka. Kashin ɓera ba shi da zobba, yana marmashewa.

Sauro da wasu dangogi ba su da irin wannan tulun sam. Nasu yana amsa ta 11.

3. Launi da girma ba su wadatar ba?

Launi shi ne ya fi yaudarar mutane. Ƙwanson ƙudan gida yana farawa fari-fari mai ruwan ɗorawa, cikin 'yan sa'o'i ya yi ja, sannan ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Sai ka tarar da launi uku a wuri ɗaya ka ɗauka iri uku ne, alhali 'yan uwa ɗaya ne, shekaru kawai suka bambanta. Girma ma yana bin ƙoshi: tsutsar da ta sha yunwa ƙaramin ƙwanso take yi. Duk da haka ka auna, don yana rage zato. Abin da bai wuce milimita 3 ba da wuya ya zama ƙudan gida, wanda nasa ke tsakanin milimita 6 zuwa 8.

4. To ina zan duba, kuma da me?

Gindi. Ɓangaren kai ya fi tsukewa, gindi ya fi faɗi, kuma a gindin akwai ɗigo biyu masu duhu. Su ne ƙofofin numfashi na baya. Kowace ƙofa tana da tsaga uku, tana da zobe mai tauri da ya kewaye tsagogin, a wasu kuma akwai ɗan maɓalli. Tambayoyi huɗu za ka yi wa kanka. Ƙofofin a fili suke, ko a cikin rami, ko a kan tudu ko bututu? Tsagogin miƙaƙƙu ne ko masu lanƙwasa? Zoben ya rufe ko yana da giɓi? Ƙofofin biyu suna kusa da juna ko nesa?

Gilashin ƙara girma mai ninki 10 zai nuna maka rami da tudu da tazara. Don ganin siffar tsaga sosai sai ninki 20 zuwa 40, wato madubin ɗakin gwaji. Kafin nan ka wanke ƙwanson da ruwa da ɗan sabulu, ka goge gindin da tsohon buroshin haƙori a hankali, ka dasa kansa cikin ɗan danƙo ko sabulu don gindin ya kalli sama, ka hasko shi da tocila daga gefe. Hasken gefe ne ke fito da tsaga, na sama yana ɓoye ta. Idan ƙwanson ya yi baƙi ƙirin, a ɗakin gwaji ana yanke gindin a jiƙa shi a sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 har ya washe. Sinadarin yana cin fata, ba na gida ba ne.

Abu na biyar da bai buƙaci gilashi ba: a ina ka tsince shi? Rabin amsa tana nan.

5. Yaya ake raba ƙudan gida da koren ƙuda da mai ratsin toka?

Waɗannan ukun su ne mafi yawan abin da ake kawo mini, musamman daga mahauta da bola da bayan gida, kuma daga nesa kusan kamarsu ɗaya.

Ƙudan gida, Musca domestica, ɗan dangin Muscidae ne. Ƙwansonsa sumul yake, kai da gindi duk a dunƙule. Ƙofofinsa a fili suke, kowace tana da siffar harafin D, bayan D ɗin suna kallon juna, zoben baƙi ne mai kauri. Tsagogin uku kuwa a murɗe suke kamar sawun maciji a kan yashi. Da ka ga wannan murɗewar sau ɗaya ba ka sake mantawa.

Koren ƙuda mai sheƙi, wanda ke riga kowa sauka a kan nama da mushe, dangin Calliphoridae ne. Tsagoginsa miƙaƙƙu ne, sun karkata suna nufar wuri ɗaya kamar yatsu uku da aka haɗa a tushe, kuma akwai 'yan ƙuraje da suka kewaye fagen ƙofofin. A nan zobe yana ƙara bayani: a Lucilia da Calliphora ya rufe, a Chrysomya, wadda ta fi yawa a ƙasarmu, yana da giɓi. Idan ka ga ƙwanso mai layin tsiro-tsiro a bayansa kamar ƙaya, a gefen mushe, sau da yawa Chrysomya albiceps ce, wadda tsutsarta ke cin sauran tsutsotsi.

Mai ratsin toka, babba, mai layi uku baƙaƙe a baya da ciki mai zanen dara, dangin Sarcophagidae ne. Nasa ya fi sauƙi. Ka juya gindin, ba za ka ga ƙofofin ba, sai wani rami mai zurfi da suka lume a ciki. In ka leƙa da haske, tsagogin a tsaye suke kusan a jere, zoben da giɓi. Uwar wannan ba ta ajiye ƙwai, tsutsa take haifa da ranta, shi ya sa mai nama zai rantse ya rufe kayansa minti kaɗan da suka wuce amma ga tsutsa tana motsi.

6. A ƙarƙashin kejin kajina na tarar da iri-iri. Wanne ne matsalata?

Kashin kaji mai danshi gida ne na dangogi da dama. Bayan ƙudan gida na amsa ta 5, ka nemi waɗannan. Akwai Stomoxys, ƙudan turke mai cizo, shi ma Muscidae ne. Ƙwansonsa ya yi kama da na ƙudan gida matuƙa, sai dai ƙofofinsa ƙanana ne, baƙaƙe, suna nesa da juna, maɓallin a tsakiya, tsagogin kamar harafin S sun kewaye shi. Ya fi son taki da ya cakuɗe da ruɓaɓɓiyar ciyawa ko dusa. Akwai na Fanniidae, dangin ƙananan ƙudaje masu kama da ƙudan gida, ƙwanso shimfiɗaɗɗe mai tsiro a gefe da gefe kamar gashin tsuntsu, ba ya ruɗuwa da komai.

Sannan akwai wanda ya fi tsorata masu kaji alhali shi ne mafi alheri: baƙin ƙudan soja, Hermetia illucens, dangin Stratiomyidae. Tsawonsa ya kai santimita 2, shimfiɗaɗɗe, gaɓoɓinsa a fili, da 'yan gashi, ɗan kan tsutsar yana nan a gaba, fatar tana da kaushi. Wata Hajiya mai kaji a Bukuru ta kawo mini cike da gwangwani tana cewa, “Malam, wannan bala'in ne ya cika mini ɗakin kaji, wane magani zan zuba?” Na ce, “Hajiya, ki watsa wa kajin ki gani.” Nan take suka tsince su. Wannan ƙudan ba ya cizo, ba ya damun abincin mutane, tsutsarsa tana rage tarin kashi, kuma inda ta yi yawa ƙudan gida yana raguwa. Shi ne ake kiwo yanzu don abincin kaji da kifi.

7. Nawa yana da wutsiya, na wani kuma ƙahoni. Na ƙuda ne kuwa?

Na ƙuda ne. Mai doguwar wutsiya kamar ta ɓera, da ake samu a bakin kwata ko ramin ruwan taki, dangin Syrphidae ne. Wutsiyar bututun numfashi ce da tsutsar ke miƙawa saman ruwa. Ƙudan da ke fitowa yana kama da ƙudan zuma amma ba ya harbi.

Ɗan ƙarami, kimanin milimita 3, mai ƙahoni biyu a gaba masu 'yan zare a baki, manne a jikin kwandon tumatir ko murfin bokitin shara, Drosophilidae ne, 'yan ƙudajen nan masu jan ido da ke tashi in an taɓa ruɓaɓɓen kaya a kasuwar Farin Gada. Wanda ya kai shi ƙanƙanta amma ya baje kamar kwale-kwale, da siraran ƙahoni biyu a kafaɗa, Phoridae ne.

8. Na samu a gona. In yi feshi?

Ka dakata tukuna, don a gona ne rashin sanin dangi ya fi jawo asara. Idan ka tona ƙasa ƙarƙashin mangwaro ko gwaiba da 'ya'yansu ke zubewa, ka samu 'yan tuluna masu ruwan ɗorawa zuwa ruwan ƙasa, milimita 4 zuwa 5, sumul, tsagogin gajeru miƙaƙƙu ba tare da zobe mai kauri ba, to Tephritidae ne, ƙudan 'ya'yan itace. Wannan maƙiyi ne. Ɗaya daga cikinsu, Bactrocera dorsalis, daga Asiya ya zo, an fara ganinsa a Afirka a Kenya a 2003, kafin a ankara ya mamaye yammacin nahiyar. Danginsu ne ke ɓata kankana da kabewa da kokwamba. Tunda a ƙasa suke kwanci, kwashe 'ya'yan da suka zube kullum a ƙulle su a baƙar leda a rana ya fi feshin ganye tasiri. 'Yan mitsi-mitsi kuma, kimanin milimita 2, a kan ganyen da aka yi wa zanen farin layi mai kewaye-kewaye, Agromyzidae ne.

Amma ga biyu da nake roƙon manoma su bari. Na farko yana manne a ganyen kabeji ko latas, siffarsa kamar ɗigon hawaye, kore ko ruwan ƙasa, ƙofofinsa biyu sun haɗe a kan ɗan gajeren bututu guda. Syrphidae ne, kuma tsutsarsa darɓa take ci, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye. Na taɓa tsayawa a lambun wani dattijo da ya yi feshi kwana biyu kafin zuwana don ya ga waɗannan a ganye. Muka ɗaga ganyayen, ƙwansunan duk sun mutu, darɓar kuwa cikin mako biyu ta dawo ninki. Abin ya daɗe yana damuna, don kuɗinsa ya kashe ya kori masu yi masa aiki kyauta. Na biyu shi ne ƙwanso mai duhu da za ka gani a gefen gawar tsutsar masara ko a cikinta. Tachinidae ne, ya cinye tsutsar daga ciki. Tun da tsutsar masara ta Amurka ta shigo Najeriya a 2016, duk mai kashe ta abokin manomi ne.

9. Na dabbobi fa? Rago, doki, kare, tattabara?

Duk wanda ya fasa kan rago da Babbar Sallah wataƙila ya ga ƙatuwar tsutsa a cikin hanci ko gindin ƙaho. Oestrus ovis ce, dangin Oestridae. Idan ta nuna, ragon ya yi atishawa ya fito da ita, ta shiga ƙasa ta yi ƙwanso baƙi, mai kauri, ya ninka na ƙudan gida. Ƙofofinsa ba tsaga uku ba ne, faranti ne baƙi mai tarin ƙananan huji kamar rariya. A kashin doki ko jaki kuma ana samun na Gasterophilus, ƙudan da tsutsarsa ke rayuwa a cikin tumbinsu, ƙwanso mai zobban ƙayoyi a kusan kowace gaɓa.

A yashin da kare ke kwanciya, in karen na da ƙuraje masu huji a tsakiya, ka yi zaton Cordylobia anthropophaga, ƙudan da ke sa tsutsa a fatar mutum ma. Calliphoridae ne, amma tsagoginsa sun ɗan lanƙwasa. Yana ajiye ƙwai a ƙasa mai fitsari ko a tufafin da aka shanya a inuwa, shi ya sa guga da zafi ke da muhimmanci ga kayan yara. A ɗakin tattabaru kuwa, 'yan ƙwayoyi baƙaƙe masu sheƙi, kewayayyu kamar irin shuka, na Hippoboscidae ne, shimfiɗaɗɗen ƙudan da ke kutsawa cikin gashinsu yana shan jini.

10. Yaya ƙwanson ƙudan tsando yake?

Shi kam ba a ɓata da shi. Baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, sumul, a gindi yana da ƙulu biyu baƙaƙe da suka fito kamar kunnuwa. Dangin Glossinidae ke nan. Uwar tana renon tsutsa guda a cikinta, ta haife ta kusan duk kwana 9 zuwa 10, tsutsar ta nutse a ƙasa mai laushi a inuwa, ƙarƙashin faɗaɗɗen icce ko gindin kurmi, ta yi kwanci na kusan wata guda.

An daɗe ana ɗaukar saman tudun Jos a matsayin wurin da tsando bai kai ba, amma gangaren tudun da kurmin bakin rafuka suna da shi. A shekarun 1980 an yi kiwon tsando a Vom, ana sakin mazan da aka hana haihuwa a yankin Lafiya don rage shi. Makiyayin da ya tsinci irin wannan ƙwanso kusa da mashaya ya kai wa ma'aikatan dabbobi, don alama ce ƙudan yana haihuwa a wurin, kuma sammore na iya biyo baya.

11. Sauro da baƙin ƙudan rafi su ma ƙudaje ne?

Ƙwarai, duk 'yan babban rukunin Diptera ne, masu fiffike biyu, rukunin da aka san sama da iri 150,000 a cikinsa. Sai dai su suna tuɓe fatar tsutsa, don haka shatin fiffike da ƙafa yana bayyana. Na sauro, Culicidae, yana cikin ruwa, ya lanƙwashe kamar waƙafi, yana tsalle ya nutse in inuwarka ta faɗa masa. Yana numfashi da 'yan kakaki biyu a ƙeya: gajeru masu faɗin baki a Anopheles mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, dogaye sirara a Culex.

Na baƙin ƙudan rafi, Simuliidae, mai yaɗa makantar bakin kogi, yana manne da dutse ko ciyawar da ruwa mai gudu ke kaɗawa, irin ruwan Assop a hanyar Abuja. Yana cikin ɗan kube mai siffar takalmi, zaren numfashi sun leƙo daga baki, kuma da yawan zaren da siffarsu ake raba irinsu. Na manyan ƙudajen da ke cizon shanu har jini ya tsiyaya, Tabanidae, yana cikin taɓon bakin fadama, dogo, da zobban ƙaya, gindinsa ya ƙare da tauraro mai tsini 6.

12. Ƙwanson babu komai a ciki. Yana da sauran amfani?

Yana da shi, tunda gindin na nan. Ka kuma duba yadda aka fita. Idan kan ya ɓalle kamar murfin tukunya, ƙuda ne ya tura ya fito, kuma a jikin murfin ta ciki za ka samu ƙugiyoyin bakin tsutsar, waɗanda masana ke amfani da su. Idan tsaga ce a baya kamar harafin T, ka koma amsa ta 6, ƙudan soja ne. Idan kuwa ɗan huji ne kewayayye a gefe, murfin bai buɗe ba, to ƙaramin ɗan uwan zanzaro ne ya yi ƙwai a ciki, ɗansa ya cinye ƙudan. A gidan kaji ganin irin wannan huji da yawa albishir ne.

13. Na kasa ganewa. Yaya zan rena shi har ya fito?

Wannan ita ce hanya mafi tabbas, don ƙuda mai fiffike ya fi sauƙin ganewa. Sami kwalba mai tsabta, zuba yashi ko garin katako kamar tsawon yatsa biyu, ka yayyafa ruwa kaɗan don ya yi sanyi-sanyi ba jiƙewa ba, ɗora ƙwanson, rufe bakin da ƙyalle ka ɗaure da roba, ajiye a inuwa inda tururuwa ba ta kai. Ƙwanso ɗaya a kwalba ɗaya, don ka san wane ƙuda ya fito daga wane ƙwanso.

Ka yi haƙuri da sanyin Jos. Ƙudan gida da zai fito cikin kwana 3 zuwa 6 a zafin Abuja yana iya ninka hakan a nan da hunturu, garin da ke sama da mita 1,200 daga teku. Idan ya fito, ka bar shi yini guda fiffikensa ya miƙe, launinsa ya zauna, kafin ka kashe shi a firiza. Ka ajiye ƙudan tare da ƙwansonsa.

14. An ce ana amfani da su wajen binciken gawa?

Ana yi. Tunda an san tsawon kowane mataki a kowane yanayin zafi, ƙwanson Calliphoridae da Sarcophagidae na amsa ta 5 yana taimakawa a ƙiyasta mafi ƙarancin kwanakin da aka yi da rasuwa. Wanda ya ci karo da irin wannan kada ya taɓa komai, ya sanar da 'yan sanda.

15. Zan iya wuce dangi in kai ga ainihin iri? Wa zan kai wa?

A wasu, kamar ƙudan gida da ƙudan soja da tsutsar hancin rago, ƙwanso ya isa. A Sarcophagidae da Tachinidae da Tephritidae kuwa, ko gwani yakan tsaya a dangi sai ya ga ƙudan, ko a yi gwajin DNA, inda aka fi karanta ƙwayar gadon da ake kira COI.

Mutanen Jos suna da sa'a a nan. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana Vom tun 1924, cibiyar binciken tsando da sammore mai hedkwata a Kaduna ita ma tana da reshe a can, ga kuma sashen nazarin dabbobi na Jami'ar Jos. Ka raba abin da ka tsinta biyu: rabi a busasshiyar kwalba da ransu, rabi a cikin etanol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, ko sama da haka in za a yi gwajin DNA. Ka rubuta kwanan wata, unguwa ko ƙauye, da abin da ka same shi a kai, da fensir a 'yar takarda, ka jefa ta cikin kwalbar. Tawadar biro tana narkewa a etanol.